Ƙananan Madatsan Ruwa a Kewayen Zangon Lome: Amfaninsu, Haɗarinsu da Hukuncin Shaƙatawa a Bakinsu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da ruwa ya rayar da ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk lokacin da babban hutun makaranta ya zo, ko Salla ta kusato, akwai tambayar da takan dawo mana daga iyaye da malaman Islamiyya: shin ya halatta a kwashi yara a kai su bakin madatsar ruwa su sha iska, su yi wanka, su shiga kwale-kwale? Amsar a taƙaice ita ce asalin abin halal ne, amma yana da sharuɗɗa. Su kuwa sharuɗɗan ba za a gane su ba sai an san yadda ruwan madatsa yake aiki, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. Saboda haka muka tattara wannan bayani domin limamai da ɗalibai da iyaye su riƙa komawa gare shi.

Mece ce madatsar ruwa?

Madatsa bango ne na ƙasa ko dutse ko kankare da ake gittawa a kan kogi domin a tare ruwa. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna cewa dam, a Nijar kuma za ka ji ana cewa baraji. Aiki ne da ɗan Adam ya daɗe da saninsa. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin mutanen Saba'u a ƙasar Yaman da ambaliyar da ta halaka gonakinsu, malaman tafsiri kuma sun bayyana cewa madatsar Ma'aribu ce ta ɓalle.

Madatsai iri biyu ne. Akwai babba, mai tara ruwa ya zama tafki mai faɗi, ana samun lantarki da ruwan sha da noman rani da ita. Akwai kuma ƙarama, wadda tsayin bangonta bai wuce mita ɗaya zuwa huɗu ba. Aikin ƙaramar shi ne ta ɗan ɗaga ruwan kogi ya shiga magudanar da ke kai shi gona, sauran ruwan kuma ya tsallake ta saman bangon ya ci gaba da tafiyarsa. A kan wannan ƙaramar muka fi son mu tsaya, domin ita ce ido yake rainawa. Babbar madatsa takan samu masu gadi da shinge, kuma kwarjininta kaɗai yana korar mutum. Ƙarama kuwa sau da yawa ba mai tsaronta, yara suna tafiya a kan bangonta kamar gada, mata suna wanki a gefenta.

Ruwayen da ke kewaye da mu

Dattawanmu suna tuna cewa tsohon Zango yana tsakiyar birnin Lome ne, har zuwa 1977 da hukuma ta rushe shi, aka mai da jama'a arewacin gari, kimanin kilomita 15, a yankin Togblekope kusa da babbar hanya mai lamba 1 da ke tafiya arewa. Wannan ƙaura ta sa muka zama maƙwabtan kogin Zio, wanda ke gangarowa daga duwatsun yankin Plateaux ya zuba a tafkin Togo. Mu kuwa yawancinmu 'ya'yan fatake ne da mahauta da dillalan shanu da malamai. Iyo ba ya cikin abin da muka gada, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka koya wa 'ya'yansu.

Ruwayen da yaranmu suke iya kaiwa gare su sun haɗa da waɗannan:

1. Kogin Zio da fadamarsa. Da rani yakan ja baya har a raina shi, da damina kuma ya cika ya malala. A watan Yuli na 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape ta yanke hanyar arewa, Zio ma ya tumbatsa a Togblekope. A 2010 ruwa ya sake shiga unguwanni da dama na Lome.

2. Madatsar Kpota a kan Zio, wadda take karkatar da ruwa zuwa gonakin shinkafa na Mission-Tove da Kovie. Noman rani a wannan kwari ya kafu ne a shekarun 1960 da 1970 da taimakon ƙwararru daga Taiwan, daga baya kuma daga ƙasar Sin. Wannan ita ce irin ƙaramar madatsar da muke magana a kai, tare da magudanan da suke fita daga gare ta.

3. Madatsar Kpime kusa da Kpalime, kimanin kilomita 120 daga Lome, wadda aka gina a farkon shekarun 1960 domin lantarki. Tana kan dutse, a ƙasanta kuma akwai mazubar ruwan da makarantu suke kai ɗalibai kallo.

4. Madatsar Nangbeto a kan kogin Mono, gabas da Atakpame. Ta fara aiki a 1987, ƙarfinta kusan megawat 65, kuma Togo da Benin ne suke tarayya a kanta. Babba ce, amma mun ambace ta saboda sakin ruwanta yana shafar garuruwan da ke ƙasa da ita.

5. Tafkunan cikin gari, wato na Be da 'yan'uwansa, da manyan ramukan da hukuma ta haƙa a unguwanni domin tara ruwan sama, da kududdufan da masu ɗibar yashi suka bari. Waɗannan ba madatsai ba ne, amma mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafe su, kuma su ne suka fi kusa da ƙofar gida.

A lura kuma cewa damina biyu gare mu a kudancin Togo: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Babban hutun makaranta yana faɗowa ne a daidai lokacin da koguna da ramuka suka sha ruwa suka ƙoshi.

Yadda ƙaramar madatsa take cin mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne abin ya fi yi wa ɓarna. Ga wuraren da haɗarin yake a madatsa.

A gindin bango. Idan ruwa ya tsallake bango ya faɗo, nauyinsa yana nutsa shi har ƙasan kogi, ya taso a ɗan gaba kaɗan. Wani sashe ya wuce, amma na sama sai ya juyo baya ya nufi bangon, ya sake haɗuwa da mai faɗowa. Haka ruwan yake kewayawa kamar taya, dare da rana. Wanda ya faɗa ciki sai ruwan ya danna shi ƙasa, ya taso da shi a gaba, ya jawo shi baya, ya sake danna shi, har ƙarfinsa ya ƙare. Abubuwa uku suke ƙara munin wurin. Na farko, farin kumfan nan da yake burge mai kallo ruwa ne da ya cika da iska, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa na sosai, har mai rigar ruwa yana iya nutsewa a cikinsa. Na biyu, kututture da itace da duk abin da kogi ya kwaso suna juyawa tare da mutum suna dukansa. Na uku, gefe da gefe bangon kankare ne mai santsi, babu abin kamawa. Bangon da bai kai ƙugun mutum ba yana iya yin wannan aiki idan ruwa ya yi yawa. A Amurka, inda irin waɗannan madatsai suke da yawa, ana yi musu laƙabi da injin nutsarwa, kuma da yawa daga waɗanda suka mutu a cikinsu masu ceto ne da gwanayen iyo.

A saman bango. Wanda yake iyo ko yake cikin kwale-kwale a bayan madatsa ba ya hango inda ruwan yake faɗuwa, sai dai ya ga ruwa shimfiɗe kwance. Yana matsowa ruwan yana ƙara gudu a hankali, kafin ya farga ya wuce inda zai iya juyawa. Ga kuma bakin ƙofofi da bututun da suke jan ruwa zuwa magudana ko injin, waɗanda suke tsotsar ƙafa daga ƙasa alhali saman ruwan lumui yake.

A cikin tafkin. Madatsa tana tara laka shekara da shekaru. Yaro yana taka abin da ya zaci ƙasa ce sai ya nutse har gwiwa ya kasa zare ƙafa. Tsohuwar hanyar kogin tana nan a ƙarƙashi, mutum yana tafiya ruwa iya cinya, taku ɗaya sai ya sami kansa a wurin da ya shanye shi. Akwai kututturan bishiyoyi da tsofaffin ragogin masunta, ruwan kuma gurɓatacce ne, ba a ganin abin da ke ƙasa. Wanda ya yi tsalle ya shiga da ka yana iya karya wuya. Kainuwa da sauran ciyayi suna rufe fuskar ruwa har ƙaramin yaro ya ɗauka fili ne.

A cikin magudana. Magudanar noman rani siririya ce, shi ya sa ake raina ta. Amma ruwanta yana gudu, gefenta a karkace yake ga gansakuka, a wasu wurare kuma tana shigewa ƙarƙashin hanya ta cikin bututu. Wanda ruwa ya shigar da shi nan, da wuya a ciro shi da rai.

A ƙasa da madatsa. Ma'aikata suna iya buɗe ƙofa a kowane lokaci, ko a yi ruwa a kan duwatsu alhali inda kake rana ake ƙwallawa. Wurin da aka shimfiɗa tabarma da safe yana iya zama tsakiyar kogi kafin azahar. Wannan ya shafi masu zuwa Kpime da mazauna gaɓar Mono. Idan ka ga ruwa ya canza launi, ko ya fara kawo ganye da itace, ko ƙararsa ta ƙaru, to ka hau tudu nan take. Madatsa kuma tana iya ɓallewa gaba ɗaya, kamar yadda ta Bagauda a Kano ta yi a Agustan 1988, da ta Alau da ta cinye sassan Maiduguri a Satumban 2024.

Mun sha zuwa ta'aziyya mu ji ana cewa ai wurin nan akwai mutanen ruwa, kowace shekara sai sun karɓi rai. Mun yi imani da samuwar aljanu kamar yadda Alƙur'ani ya tabbatar, amma babu dalilin da zai sa a jingina musu abin da sababinsa yake a fili. Wurin yana cin mutum kowace shekara ne domin kowace shekara ruwan yana juyawa yadda muka bayyana, kuma kowace shekara ana shiga. Yin yanka ko jefa wani abu a ruwa domin neman yardar wanin Allah haramun ne mai taɓa aƙida, kuma ba ya rage zurfin ruwa ko da taƙi ɗaya.

Kwale-kwale

A ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano. Ya taso daga ƙauyen Badau, mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su taron Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. Babban sababin da aka bayyana shi ne lodi fiye da kima. A nan gida ma, a watan Mayu na 2011, iska ta kifar da masu dawowa daga jana'iza a tafkin Togo, mutum 36 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kyakkyawar niyyar tafiya ba ta ƙara wa jirgi ƙarfin ɗaukar kaya. Idan ka ga gefen jirgi ya kusa shafar ruwa, ko hadari ya haɗu, ko magariba ta gabato, ko babu rigar ruwa, to ka sauka da yaranka ko da an riga an biya kuɗi. Kuma a gargaɗi yara kada su tashi tsaye ko su taru a gefe ɗaya domin ɗaukar hoto.

Tsargiya

Akwai cutar da ba ta kisa nan take amma tana cin jiki a hankali, ita ce tsargiya. Ƙwayarta tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke son ruwa kwantacce irin na madatsa da magudana, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Alamarta da aka fi sani ita ce fitsarin jini. Wasu suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro, kuma kuskure ne babba, domin idan aka bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda. Wani nau'inta kuma hanji da hanta yake kamawa. Maganinta, wanda ake kira praziquantel, yana nan a asibiti, kuma ana rabon sa a makarantu da unguwanni. Togo ta yi nasarar kawar da kurkunu da tundurmi da ciwon barci da ciwon ido na amodari, amma tsargiya tana nan. Ƙwan cutar yana komawa ruwa ne ta fitsari da bayan gida. A nan za mu ga hikimar hanin da ya tabbata a Bukhari da Muslim game da yin fitsari a ruwan da ba ya gudu.

Hukuncin shaƙatawa da sharuɗɗanta

Shari'a ba ta hana hutawa da kallon halittar Allah ba. Koyon iyo ma abin so ne, an ruwaito shi cikin wasannin da suke da amfani, kuma ga al'ummar da take zaune a gaɓar kogi yana kusa da zama larura. Lokacin da muke karatu a ƙasar Masar mun ga yadda mutanen Alƙahira suke fita da iyalansu ranakun hutu zuwa Ƙanaɗir Alkhairiyya, madatsar da aka gina a kan Nilu tun ƙarni na 19, su wuni a cikin lambunan da ke kewaye da ita. A Argungu ma, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, dubban mutane suna shiga kogin Matan Fada, amma ba mai sa ƙafa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma masunta suna shiga ne da gorarsu wadda take ɗauke su a kan ruwa. Abin da ya haɗa wuraren biyu shi ne tsari da mai tsawatarwa.

Kiyaye rai yana cikin manufofi biyar da shari'a ta zo domin su, kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya jefa kansa cikin halaka. A kan haka, hukuncin yana sauyawa gwargwadon wuri da hali. Zama a bakin ruwa nesa da bango halal ne. Iyo a wurin da masana wurin suka tabbatar da lafiyarsa halal ne ga wanda ya iya. Shiga gindin bango, ko bakin ƙofa, ko magudana mai gudu, ko kogi lokacin cikarsa, haramun ne ga gwani da ɗan koyo, domin halaka ce ta fi rinjaye. Wanda zai jagoranci yara kuwa amana ce a wuyansa, sai ya cika waɗannan:

1. Ya je ya ga wurin kafin ranar tafiya, ya tambayi ma'aikatan madatsar da masunta da mai garin wurin.
2. Ya karɓi izinin kowane uba, ya san wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, da mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ko asma.
3. Ya raba yaran ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba guda wanda ya san sunayensu, a riƙa ƙirga su a kai a kai.
4. A naɗa mai tsaro wanda ba ya cin abinci, ba ya riƙe waya, ba ya hira, idonsa a kan ruwa kawai. Idan lokacin salla ya yi, ko dai kowa ya fito daga ruwa, ko mai tsaron ya jira a canje shi.
5. A tanadi igiya mai tsawo da dogon sanda da jarkoki marasa komai a ciki masu murfi.
6. A shata iyaka da kowa yake gani, nesa da bango ta sama da ta ƙasa.
7. A kiyaye al'aura, a raba wurin maza da na mata. Amma a sani cewa babbar riga da zane da dogon hijabi idan suka jiƙe suna nannaɗe ƙafa su ja mutum ƙasa. Mai shiga ruwa ya sa tufa mai suturtawa wadda ba ta da yalwar da za ta harɗe shi.
8. Ana jin tsawa kowa ya fito.

Idan ɗaya daga cikin huɗun farko bai samu ba, a fasa shiga ruwan, a tsaya a kallo daga tudu.

Yadda ake ceto

Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Yakan tsaya a miƙe cikin ruwa, kansa a ɗage baya, bakinsa yana shiga yana fita, hannayensa suna dannar ruwa, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa. Yaron da ya yi shiru a ruwa shi ne abin dubawa.

Wanda ya gani ya yi kururuwa, ya sa wani ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. Sannan ya miƙa sanda ko rawani ko zane yana kwance a ƙasa domin kada a fizge shi. Idan da nisa, ya jefa jarka ɗaure da igiya. Jarka mai lita 20 da aka rufe bakinta tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Shiga ruwa shi ne mataki na ƙarshe, kuma na wanda ya koyi ceto ne kaɗai, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk wanda ya zo kusa da shi. A gindin bangon madatsa kuwa ba a shiga ko kaɗan, ba da iyo ba, ba da kwale-kwale ba. Daga gaɓa ake jefa igiya.

Idan an fito da shi, a kwantar da shi rigingine a duba numfashi. In yana numfashi, a juya shi a kan gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, dannawar tana tafiya da saurin 100 zuwa 120 a minti. Kada a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. Kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko rataye shi ƙafa sama wai don ruwa ya fita, wannan amai yake jawowa ya shaƙe shi, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan 'yan mintoci babu iska. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya taɓa huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Mas'alolin fiƙihu da suka shafi wannan babi

Ta farko: ceton mai nutsewa farilla ce ta kifaya, tana zama ta kai tsaye a kan wanda babu mai iyawa sai shi. Wajibi ne a yanke salla, ko ta farilla ce, domin wannan. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa, sun ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon tsamar da rai ya ƙi. Amma wanda bai iya iyo ba, abin da ya hau kansa shi ne kira da miƙa sanda da jefa igiya.

Ta biyu: namiji ya ceci mace, ya taɓa jikinta, ya hura mata iska idan babu macen da za ta yi, haka ita ma ta yi masa. Larura ce, kuma jinkiri saboda kunya a nan zunubi ne.

Ta uku: ruwan madatsa da ya canza saboda laka ko gansakuka yana nan da tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza saboda najasa, kamar ramukan da kwatoci suke zuba a ciki, ba a tsarki da shi.

Ta huɗu: mai azumin farilla idan ya yi iyo ruwa ya wuce maƙogwaronsa, zai rama wannan rana a mazhabarmu ko da bai yi nufi ba. Barin iyo da rana a Ramadan shi ya fi.

Ta biyar: ya tabbata a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai. Wannan shahada ce ta lahira, don haka ana yi masa wanka da likkafani da salla kamar kowa. Idan jikin ya kumbura, a kwarara masa ruwa ba tare da cuɗawa ba, in hakan ma bai yiwu ba a yi masa taimama. Wannan falala ta mamaci ce, ba ta wanke wanda ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Ta shida: gaggauta jana'iza abin so ne, amma malamanmu sun keɓe wanda ya nutse, suka ce a jinkirta har a tabbatar da mutuwarsa, domin yana iya zama suma ce. A yau likita ne yake tabbatar da haka, kuma a sanar da hukuma kafin a binne.

Ta bakwai: idan ba a ga gawa ba, Malikiyya ba sa yin sallar ga'ibi, Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta. Maganar idda da gado kuwa sai a kai ta gaban malamai da hukuma, kada iyali su yanke da kansu.

Abin da ya hau kan jama'a

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa, tun daga 2021, kuma ranar tana zuwa ne a farkon hutun yaranmu. Muna ba limamai shawara su keɓe huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita ga wannan batu. Kwamitocin masallatai su nemi ƙungiyar agaji ta Kuros-Ruj ko 'yan kwana-kwana su zo su koya wa matasa da malaman makarantu taimakon farko, domin karanta shi a takarda ba ya isa sai hannu ya gwada. Masu hali su ɗauki nauyin koya wa yara iyo a wurin da aka tanada, da mai koyarwa namiji ga maza, mace ga mata. Shugabannin unguwa su kai kuka ga magajin gari a kan duk ramin da ba shi da shinge, su kuma kafa alluna da Hausa da Faransanci da Ewe, da zane domin wanda bai iya karatu ba. A cikin gida a rufe rijiya da randa da baho, domin jariri yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, mun yi imani da haka. Amma wanda ya wajabta mana imani da ƙaddara shi ne ya wajabta mana riƙo da sababi, kuma zai tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa. Allah ya tsare mana zuriyarmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ne mafi sani.